MAI KUNNE DA MOTAR AUTA

Shafi na 19

Masu cewa jiya na yi rowa, yau kam na zauna muku. Ku kuma da kuka cika mini waya da zagin Baba, kowa ya tanadi haƙurin da zai bayar.

*

Ko mayafi Auta ba ta tsaya ta gyara ba, ta faɗa garejin kamar an jeho ta.

Ranta a ɓace yake, kuma ba ta da niyyar ɓoyewa. Yau da yamma tirela za ta zo ɗaukar jif ɗinta zuwa tashar jirgin ruwa. In motar ta rasa wannan jirgin, aikin likitan dabbobin da ta yi shekaru tana nema a waccan ƙasa ta kan duwatsu ya tafi ke nan. Sharaɗin masu ba da aikin ɗaya ne, ka zo da motar da za ta kai ka inda makiyaya suke, ko a ba wani.

Ga shi ba a gama ba. Bonet a ɗage, injin na kuka, mahaifinta ya duƙa a kai ya ba ta baya.

"Baba."

Bai juyo ba.

"Baba, da kai nake."

Ko gezau.

Duk faɗin layin makanikai babu wanda bai san mahaifinta da laƙabin Mai Kunne ba. Mutumin da mota za ta wuce a titi ya ɗaga hannu ya ce wa direba fulogi ɗaya ya mutu, a buɗe a tarar haka ne. Yau ga autarsa a bayansa tana kira, wai bai ji ba.

Abin ya ƙara tunzura ta. Ta zagaya ta zura hannu ta taga, ta murɗa makulli ta kashe motar.

Firgigit ya ɗago. A nan ta ga abin da bai so ta gani ba: doguwar sukudireba, bakinta a kan injin, mariƙinta a tsakanin haƙoransa. Da sauri ya zare ta ya kai bayansa kamar yaron da aka kama da sukari.

"Auta! Yaushe kika shigo?"

"Tun ina kiranka kana share ni."

"Ƙarar injin ce."

"Ƙarar injin? Kai da noti ke faɗuwa a ƙarshen layi ka faɗi girmansa?"

Ya yi 'yar dariya, ya ɗauki tsumma yana goge hannun da ba ya bukatar gogewa. Idonsa kuwa kar a kan bakinta.

"Baba, yau tirelar za ta zo."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na sani mana. Sauran kaɗan."

"Kullum sauran kaɗan!" Ta shiga lissafi da yatsu. "Ka canza tayoyi, ka ce na da ba su da haƙoran kama dutse, na yi shiru. Ka zubar da man birki ka sa sabo, ka ce tsoho ya sha ruwa, in ya yi zafi a gangara birki zai ɗauke mini, na ce to. Ka wanke lagireto, ka sake masa murfi, ka zuba maganin hana ruwa daskarewa. Batir sabo. Har labule ka sa mata, Baba. Labule!"

"An ce ranar can sama ta fi ta nan cizo."

"Kafireta fa?"

Ya ci gaba da goge hannunsa.

"Kai da bakinka ka ce ita ce ran tafiyar nan. Ka ce can sama iska ba ta da kauri, in ba a rage wa mota mai ba za ta shaƙe ta mutu mini a tsakiyar dutse. Ka ce ba a saita ta a nan ƙasa, sai na fara hawa, don haka dole ka koya mini da kunnena. Tun da na dawo gida nake binka, kullum gobe. Ba kai ne mai cewa ba a fafe gora ranar tafiya ba?"

"Ni ne."

"To yau ce ranar tafiyar, ga gora nan ko tsaga shi ba a yi ba."

Hawaye ya cika mata ido. Auta akwai taurin kai, ta tsani a ga kukanta, sai ta juya ta fuskanci bangon da aka rataye sifanoni. Ta sassauta murya.

"In ba ka so in tafi, ka faɗa mini kawai. Wallahi zan fi jin sauƙi da wannan ja mini ran. Ka ce Auta ban yarda ba, shi ke nan."

Ta jira. Ba amsa.

"Ka ji, Baba?"

"Ki juyo," ya ce daga bayanta. "Ba a yi wa babba magana ana ba shi ƙeya."

Ta juyo tana share fuska da bayan hannu.

"Me kika ce?"

Ta tsaya tana kallonsa. Wato duk abin da ta zazzage daga ƙasan zuciyarta, shi abin wasa ya mayar da shi.

"Haba Baba. Haba."

"Malam, faɗa mata, ko ni in faɗa."

Umma ce a bakin ƙofa, riƙe da kular abincinsa. Tun ɗazu take tsaye, ba wanda ya lura. Ta shigo ta ajiye kular a kan tsohuwar taya, ta zo ta dafa kafaɗar mijinta, sai da ya dube ta sannan ta maimaita a hankali, tana buɗe baki sosai.

"Na ce ka faɗa mata. Na gaji."

"Ummansu, mun yi magana da ke."

"Mun yi. Ni na ɗauki alkawarin ɓoye ciwo, ban ɗauki na zuba ido 'yata ta bar ƙasa tana zaton ubanta na yi mata mugunta ba."

"Wane ciwo?" in ji Auta. "Umma, wane ciwo?"

Umma ba mai doguwar magana ba ce. Ta zagaya bayan mijinta, ta ciro sifanar da ta fi kowace nauyi a bango, ta ɗaga ta saki a kan farantin ƙarfen da ake wanke kayan injin.

Ƙarar ta cika garejin. Auta ta zabura ta dafe ƙirji. Maƙwabcinsu mai walda har leƙowa ya yi ya koma.

Baba ko ƙifta ido bai yi ba. Yana nan tsaye yana kallon fuskar 'yarsa, yana neman gane abin da ya firgita ta. Sai da ya waiwaya ya ga sifanar a ƙasa, ya ga matarsa tsaye a kai, sannan kafaɗunsa suka sauka.

Ya ja tsohuwar kujerar mota da ke gefe ya zauna.

Auta ta matso. Ta durƙusa a gabansa, a kan simintin da ya sha baƙin mai, ba ta ko tuna da kayan jikinta ba.

"Baba... ba ka ji?"

"Ina ji mana." Ya yi murmushi. "Da ido."

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Tun kina can wajen karatunki na ƙarshe," Umma ta gyara masa. "A hankali ya fara, kamar wasa. Likita ya ce ƙarar injin ce ta shekara da shekaru ta cinye."

Nan take abubuwa suka riƙa dawo wa Auta ɗaya bayan ɗaya. Duk kiran da ta yi masa a waya, Umma ce ke ɗauka ta ce hannunsa da baƙin mai, faɗa mini in faɗa masa. Rediyon da yake ƙure wa murya a tsakar gida har ta yi ƙorafi. Fitar sassafe, da dawowa sai kowa ya gaji da hira. Da kuma wannan kallon da yake mata tun da ta dawo, ido cikin fuska, ko ɗauke kai ba ya yi.

"Ni na zaci kallon bankwana kake mini," ta ce.

"Har da shi."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace. Ta kifa kai a gwiwarsa. Ya ɗaga hannu zai shafa kanta, ya ga baƙin mai, ya juya ya shafa da bayan hannun.

"Ɗago, Auta. In kin kifa kai ba na ganin me kike cewa."

Ta ɗago.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Don na san 'yar da na haifa. Lokacin da Ummanki ta kwanta ciwo, wa ya ajiye karatu shekara guda ya dawo gida?"

"Wannan daban."

"Ba daban ba ne. Sa'o'inki suka wuce suka bar ki, kina nan kina wanke-wanke kina cewa ba komai. Ina kallo. Na ce wa raina ba za a yi haka sau biyu ina raye ba."

"Shi ne ka bari ina ta zarginka?"

"Zargi ai ba ya hana mutum shiga jirgi. Tausayi ne ke hanawa."

Umma ta juya tana gyara murfin kular da ba abin da ya same shi.

"Kafiretar kuwa," ya ci gaba, "ba ƙi na yi ba, kasawa na yi. Taya da birki da lagireto aikin ido ne da hannu, na yi miki su yadda ban taɓa yi wa motar kowa ba. Amma wannan aikin kunne ne. Yadda maigidana ya koya mini, tsayawa ake kusa da mutum a ce masa, ka ji wannan kukan? To shi ne. Ni kuwa ta yaya zan ce miki kin ji, alhali ban san abin da ke shiga kunnenki ba? Kullum in na ce gobe, sai in zo nan ni kaɗai in gwada ko zai dawo."

"Shi ne kake cizon sukudireba?"

Ya fito da ita daga bayansa, ya dubi mariƙin da duk ya sha shatin haƙori. Kunya ta ɗan kama shi.

"Ƙashi na ji, ko kunne ya mutu. In na ɗora bakinta a kan injin na ciji nan, girgizar na hawa har cikin kaina. Ina gane tana lafiya ko ba ta lafiya. Muryarta ce dai babu."

"Haƙoran da suka rage maka nawa ne da za ka ƙarar a kan motata?"

"Sun ishe ni cin abincin Ummanki. Ai ba nama take sa mini ba."

"Ka ji shi ko," in ji Umma. "Wannan kam ya gani sarai."

Dariya ta kufce wa Auta a tsakiyar kuka. Sai kuma ta riƙe hannunsa.

"Ni ma ba ka jina ke nan? Ko kaɗan?"

Ya matse hannunta.

"Taki ce ta fara tafiya."

"Tawa?"

"Siririyar murya ita ke fara ɓacewa, haka likita ya ce. Tsuntsaye suka tafi, ƙarar waya ta tafi, sai ke. Ranar da kika bugo kina ihun an ɗauke ki aikin nan, na karɓi wayar na kara a kunne. Ina ganin Ummanki na tsalle, ni kuwa kamar na kara dutse. Na ce miki Allah ya sa albarka, na fita bayan gida na zauna."

Wallahi ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ajiye wayar na ɗan sha iska.

Auta ta buɗe baki.

"To ai Baba, in haka ne..."

"Tashi ki tayar da motar." Ya miƙe tun kafin ta ƙarasa. "Rana na tafiya. Tun da asiri ya tonu, sai mu yi aikin yadda zai yiwu. Ke kunne, ni haƙori."

"Baba, tsaya mu yi magana."

"Makulli, Auta."

Ta san wannan muryar tun tana ƙarama, ba a ja da ita. Ta tashi ta murɗa makulli, injin ya kama.

Ya cire tukunyar da ke tace iska ya ajiye gefe, bakin kafiretar ya bayyana. Ya nuna mata wata 'yar kusa a gindinta.

"Wannan ce ke raba wa mota iska da mai in tana tsaye. Ki riƙe ƙaramar sukudireba a kanta, kada ki juya sai na ce. Yanzu saurara. Haka take kuka in ta ƙoshi daidai. Me kike ji?"

"Tana... tana dai kuka."

"Likita guda! Haka kike ce wa mai akuya, akuyarka tana dai kuka?"

Ta harare shi, ta rufe ido ta kasa kunne sosai.

"Sumul take tafiya. Ba ta tsallake ko ɗaya."

"Nuna mini a nan."

Ya miƙo mata damtsensa. Ta gane nufinsa. Ta ɗora yatsu tana buga masa bugun injin a kan fata, daidai da yadda yake shiga kunnenta. Shi kuma ya ɗora doguwar sukudirebar, ya ciji mariƙin, ya lumshe ido. Can ya gyaɗa kai. Abin da ke hawa haƙoransa da abin da ke sauka a hannunsa sun zo ɗaya.

Ya zare ta daga baki.

"Madalla. Yanzu za mu hau dutse."

"A nan?"

"Ga dutsenki."

Ya ɗaga faffaɗan tafin hannunsa, ya kawo shi a hankali ya rufe gefen bakin kafiretar.

"Can sama iska ke yi mata kaɗan. To ga shi na rage mata. Wannan gindin dutse ne. Me ya canza?"

"Ta yi nauyi. Kamar mai mura."

"Buga mini."

Ta buga. Ya ƙara rufewa.

"Nan kuma kin yi nisa. Gidaje sun koma kamar kwalayen ashana a ƙasa."

Injin ya fara tari, motar na jijjiga. Umma da ke tsaye ta baya ta toshe hanci tana fifita da mayafi.

"Baƙin hayaƙi take fitarwa, Malam! Za ku kashe ni!"

"Me ta ce?"

"Ta ce hayaƙi baƙi."

"Yauwa. Mai ya yi mata yawa, ba iskar da za ta ƙona shi. Ki riƙe wannan kukan a kanki, Auta, ko cikin barci kika ji shi ki gane. Yanzu juya kusar ciki. Kaɗan-kaɗan, kamar kina ɗura wa ɗan rago magani."

Ta juya da ƙarfi. Motar ta yi wata shaƙuwa ta mutu.

"Na ce ɗan rago, ba bijimi ba."

"Hannuna ne ke rawa."

"Can ma zai yi rawa, ga sanyi ga tsoro. Sake tayarwa."

Ta sake. Motar ta mutu. Ta sake. Ba faɗa, ba tsaki. Mutumin da yaran layin nan ke tsoron tsawarsa, yau sai cewa yake, a hankali, 'yata, ba inda za ta gudu. Zufa ta jiƙe su duka biyun, gefen mayafin Auta ya sha baƙin mai.

Can dai, hannunsa na kan bakin kafiretar, ta riƙa juyawa tana saurare, tana juyawa tana saurare. Tarin ya ragu. Jijjigar ta lafa. Kukan ya miƙe sumul.

Ta tsayar da hannu ta dube shi.

Ya ɗora sukudirebarsa ya ciji. Ya daɗe a haka, ido a rufe. Da ya buɗe, sun kaɗa sun yi ja.

"Nan ne," ya ce. "Ko ni nan zan tsaya."

"Da gaske, Baba?"

"Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Sai dai ke kin ɗan fara da rarrafen."

Ya janye hannunsa, ya sa ta mayar da kusar inda take da, don nan ƙasa suke tukuna. Sannan ya laluba aljihun gaban rigarsa ya fito da wani ɗan gwangwani. A ciki akwai 'yan ƙananan ƙarafa na tagulla, kowanne da huda kamar ta allura.

"Waɗannan su ake kira jet. Su ke auna man da take sha in tana tafiya. Kusar da kika koya ta ɗan gyara ce, in hawa ya yi hawa sai kin sauya wannan da mai ƙaramar huda. Na jera miki su daga babba zuwa ƙarami. Zo ki cire na ciki ki mayar ina kallo."

Ta kashe motar ta cire, ta mayar, ta sake cirewa ta mayar. Wannan aikin ido ne, bakin Baba ya buɗe.

"Yaushe zan san lokacin sauyawa ya yi?"

"Jikinki zai gaya miki. Duk inda kika sauko kika yi 'yar tafiya kika ji kina haki, to ita ma haki take. Ku biyun iska ɗaya kuke shaƙa."

"To."

"In kuma za ki sauko ƙasa, ki mayar mata da babban. Kika manta, yunwar mai za ta sa ta yi zafi ta ƙone miki injin."

"To, Baba."

"Gangara kuma ba da birki ake saukarta ba. Ki sa ƙaramar giya ki bar injin ya riƙe ki. Jarkar mai kada ki cika ta fal, can sama kumbura take, ki riƙa sassauta murfin tana numfashi. Da safe kada ki taka ta da sanyin jiki, ki bari ta ɗumama. Ke ma ki ci abinci kafin ki fita, na san halinki."

"Wannan ma cikin gyaran motar ne?"

"Shi ne babba."

Ya rufe gwangwanin ya danƙa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Sai kuma ya tsaya yana jujjuya tsumma, kamar mai jin nauyin roƙo.

"Auta."

"Na'am."

"Wannan kunnen na hagu akwai ɗan saura. In an matso sosai, aka yi magana da kauri. Ummanki na yi mini wani lokaci. Ko za ki gwada?"

Ta matso. Ya sunkuyo da kansa. Ta kai bakinta dab da kunnensa, ta saukar da muryarta ƙasa iyakar yadda za ta iya.

"Baba."

Ya ƙame.

"Sake."

"Baba. Ni ce Auta."

"Na ji," ya ce, muryarsa na karyewa. "Kamar daga cikin rijiya, amma ke ce. Wallahi ke ce."

Ya juya da sauri ya ɗauki tukunyar iska, ya duƙa cikin bonet yana ɗaurawa. Ɗaurin da ba ya cin minti guda, ya zauna a kai.

Umma ta matso kusa da 'yarta. Ta saci kallon bayan mijinta, ta tabbatar ba ya ganin bakinta.

"Tun da na fara, bari in ƙarasa. Ban so ki ji daga baya ki ce na rufe ki."

"Akwai wani abu kuma?"

"Wannan ɗan sauran ma tafiya yake. Likita ya ce ba zai kai ki dawo hutun farko ba."

"Umma..."

"Ban ce ki zauna ba, ban ce ki tafi ba. Na dai faɗa miki."

Auta ta dubi gwangwanin da ke hannunta. Ta dubi motar, da sababbin tayoyinta da labulenta. Shekarun da ta yi tana mafarkin waɗancan duwatsu suka dawo mata. Tana son tafiyar nan kamar ranta, ba ƙarya. Amma duwatsu ba inda za su, kunnen Baba kuwa kullum raguwa yake.

Wani irin hon ya karaɗe layin.

Mai walda ya ɗago, mai faci ya ɗago, har kajin da ke kiwo a bakin kwata suka watse. Baba kaɗai bai motsa ba, sai da inuwar tirelar ta rufe ƙofar garejin, haske ya ragu a kan injin. Ya ɗago ya gani, ya saki bonet ya rufe, ya daddanna shi da tafin hannu.

Direban ya diro, wani ƙaƙƙarfa mai tawul a wuya.

"Baba Mai Kunne, barka da aiki! Na riga lokaci ko? Hanya ce ba kyau, na ce gara in ɗauka da wuri. An gama?"

"An gama," in ji Baba da ƙarfi, fuskarsa fal murmushi. "Sauke katakon hawa. Ka ɗaure ta da kyau, motar likita ce."

Direban ya juya ya fara kwance sarƙoƙi.

Auta ta zare makullin daga jikin motar ta damƙe. Ta zagayo ta tsaya a gaban mahaifinta, dab da shi, inda haske ke dukan fuskarta sosai yadda ba harafin da zai kuɓuce masa.

"Baba, kalle ni."

Ya kalle ta. Murmushin ya fara gushewa. Shi ya haife ta, ya san cewa za ta yi ta fasa tafiyar.

"Auta, kada ki."

"Ka kalli bakina da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Baba, na fa..."

Ya runtse idanunsa gam.

"Baba!"

Bai buɗe ba. Ta kama hannunsa tana girgizawa.

"Baba, ka buɗe ido! Don Allah ka buɗe!"

Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin fatar idon, amma ya ƙi. Ta yi ɗage za ta kai baki kunnensa na hagu, ya sa tafin hannu ya toshe.

"Ban ga komai ba," ya ce. "Ban ji komai ba. Direba, ɗora motar."

Direban ya ƙaraso yana goge hannu da tawul. Ya dubi tsohon, ya dubi Umma da ta rufe baki da mayafi, ya rasa gane abin da ke faruwa. Sai ya miƙo wa Auta hannu.

"Likita, makullin?"